Kabkaben Kaka da Fumfuna Uku

Kakata ta wajen uba a Sudan aka haife ta. Iyayenta sun tashi daga nan ƙasar Gumel za su Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noman auduga don su tara na gaba. A wannan tsayawar aka haife ta, ta yi wayo, har ta yi aure. Sai da ta haifi 'ya'yanta mata biyu da Baba sannan kakana ya kwaso su suka dawo gida. Ta dawo da Larabcin da take zaginmu da shi idan Hausa ta yi mata kaɗan, da kuma son wani wake da take kira kabkabe.

Ɗan ƙaramin wake ne dunƙulalle, mai ɗan tsini a gefe kamar bakin ɗan tsako. Ana jiƙa shi a dafa da gishiri har ya yi laushi, a can da shi ake buɗa baki da azumi. Duk shekara danginta sukan aiko mata ta hannun matafiya. Tun da rikici ya ɓarke a can hanya ta yanke, ko waya ba ta shiga. Abin da ya rage mata gwangwanin madara ɗaya ne, ɗaure a tsumma, a cikin kwalla, a ƙarƙashin gado, inda ko ɓera sai ya yi sallama kafin ya wuce.

Bara bayan damina ta kwanta ciwo. Ba wani ciwo mai suna ba, abinci kawai ta daina ci. Ta rame har ina iya ɗaga ta da hannu ɗaya in riƙe rake da ɗayan. Baba, wanda tuƙin adaidaita sahu ne sana'arsa, ya yi sautu daga Kano aka kawo masa irin waken a gwangwani, manya-manya farare, suna iyo cikin ruwa. Ta ɗanɗana ɗaya ta tofar.

"Wannan ai na masu ɗaure wuya da igiya ne su tafi ofis," in ji ta. "Ba nawa ba ne."

Wata rana da la'asar na ji tana ce wa Umma a ɗauko gwangwanin nan na ƙarƙashin gado a jiƙa mata. Ta ce ba ta jin za ta ga wani azumin bayan mai zuwa, ko shi ma mai zuwan sai Allah, gara ta ci abinta yanzu. Ina bakin ƙofa ina gyaran tayar keke. Ni kuwa bakina tun ina ƙarami ba ya jiran izini daga kaina.

"Haba amarya," na ce, don haka nake kiranta, ita kuma ta ce mini ango. "In kika cinye yau, da me za ki sha ruwa ran azumi? Ba ni in shuka. Kafin a ga wata zan cika miki ɗakin nan har sai an fitar da gadonki tsakar gida."

"Rufe mini baki. Kai da ko tumatir ka shuka sai ya fito yana neman gafara."

"Wancan tumatir ɗin dama maras tarbiyya ne."

"In ka kashe mini shi fa?"

"Sai ki sake ni."

"Ji sakarai. A ina ka taɓa jin mace ta saki miji?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da tarin ya lafa sai ta dubi gwangwanin a hannun Umma. Sannan ta ce a ba ni. Abincinta na ƙarshe daga ƙasar da aka haife ta ta miƙa mini, a kan alkawarin yaron da bai taɓa ganin yadda ganyen abin yake ba.

Amma ba ni kaɗai aka ba ba. A gidanmu duk abin da ya fito daga ɗakin Kaka sai an raba shi gidajen 'ya'yanta uku, ko da goro ɗaya ne. In aka manta da wata goggo, to an sayi gaba ta shekara goma da biki biyu. Don haka aka kasa waken kashi uku a kan faifai: namu, na Goggon Maigatari wadda ita ce babba, da na Goggon Ɗanzomo.

Na gyara bayan gidanmu kamar za a sauki baƙo daga Abuja. Na yi danga da kara saboda awaki. Na kwaso taki daga jujinmu, inda ake zubar da ragowar harawar gyaɗar da awakin suka tattake, harawar da Baba ke sarowa a ƙauyukan Gagarawa. Ruwa kuwa daga tuƙa-tuƙar unguwa nake ɗebowa safe da yamma, har matan layinmu suka fara tambayar Umma ko rijiya nake cikawa. Na zuba wa waken nan ruwan da zai ishi shinkafa a Haɗeja.

Wajen rabi ne ya fito, don irin ya kwana biyu. Ganyensa ƙanana ne kamar na tsamiya. Da suka ɗan tasa, ni da Baba muka ɗauko Kaka a kan kujera muka kai ta bakin danga. Ta sa hannu ta shafi ganyen da sauran raɓa a jiki, ta kai yatsa baki.

"Da tsami," ta ce. "Shi ne."

Ranar ta sha kunu rabin kofi, Umma ta kusa yin guɗa.

Bayan 'yan makonni, wata safiya na tarar da guda ɗaya ya sunkuyar da kai. Na ce ƙishi ne, na ƙara masa ruwa. Washegari ya kwanta, na kusa da shi ma sun fara sunkuyo. Na durƙusa na duba gindinsa, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, sai na ga wani farin abu kamar an ɗaura masa auduga. Na ɗan ja shi kaɗan, ya tsinke a hannuna. Gindin ya ruɓe, ya yi baƙi, yana wari irin na tsumman da aka manta a randa. Fumfuna ce, amma ba irin wadda ke fito wa burodi ba. Wannan tafiya take yi a kan ƙasa, zare-zare, daga wannan gindi zuwa wancan. Ina rantsuwa, in na juya na ɗebo ruwa na dawo sai in ga ta matsa. Har na taɓa zama na zuba mata ido don in kama ta tana tafiya, ta lura da ni ta tsaya.

Umma ta buga wa goggonnin waya. Goggon Maigatari ta ce ai ita ma abin ya fito mata, guda kaɗan ya taɓa, ta barbaɗa toka ya tsaya cak. Goggon Ɗanzomo, wadda ko gobara ake yi sai ta gama taunar goronta, ta ce ta ga wani fari-fari a gindin wasu, ba ta ma kula ba, kuma ga su nan a tsaye.

To toka. Na kwashe ta murhunmu, na bi maƙwabta, na je wurin mai ƙosai, na je wurin mai tsire. A makon nan babu murhun da ya kwana da toka a unguwarmu. Na barbaɗa har bayan gidan ya koma kamar an yi gobara. Fumfunar ta hau kan tokar ta wuce, kamar tabarma na shimfiɗa mata. Wani tsoho ya ce a jiƙa ganyen darbejiya a zuba, na zuba. Wani ya ce a tara ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa gyaɗa, na tara, abin ya ƙara gudu. Kullum da safe sai na tsaya a bakin danga na yi addu'a kafin in leƙa, kuma kullum sai na fito da gawa a hannu.

Kaka kuwa ba ta iya fitowa yanzu. Duk shigata ɗakinta tambaya ɗaya ce.

"Ango, ya 'ya'yana?"

"Suna gaishe ki. Jiya ɗaya ya kusa kai mini ƙugu."

"Ƙarya kake. Ba ya wuce gwiwa."

"To gwiwar raƙumi."

Sai ta yi murmushi ta karɓi cokali biyu na kunu ta kau da kai. In Umma ta matsa mata sai ta ce a bar ta, ajiye cikinta take yi wa kabkabe. Nakan fita daga ɗakin nan ina dariya, in zagaya bayan gida in zauna cikin toka in rasa abin da ke mini daɗi. Da na yi shiru ran nan da ta riga ta ci abinta.

Ana nan Goggon Maigatari ta zo dubiya. Ita ce mai jinyar danginmu. Yaron da aka yaye gidanta ake kai shi. Wanda ƙyanda ta kama, wanda ya karye, matar da ta haihu jikinta ya ƙi daɗi, duk can ake tura su, kuma su dawo da ƙiba. A wurinmu in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gida, magana ɗaya ce: a canza wa maras lafiya wuri, a kai shi gidan Goggo. Ta leƙa bayan gida, ta riƙe haɓa.

"Innalillahi. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Tokarki ce, Goggo."

"Tokata ba ta taɓa kunyata ni ba, hannu ne dai ba ɗaya ba. Wurin nan ne bai karɓe su ba." Ta juya wurin Baba. "Kai, a haƙe waɗanda suka rage, da ƙasarsu, kada a taɓa saiwa. A kai mini gida in haɗa su da nawa."

"To, Yaya," in ji Baba.

Babu wanda ya ga aibin maganar. Abin da muka saba yi wa mutum ne muka yi wa wake. Muka haƙo masu sauran rai, kowanne da dunƙulen ƙasarsa, muka jera a bahon wanki, Goggo ta lulluɓe su da zani kada iska ta buge su. Ranar Alhamis ce, hanya cike da motocin shanu masu zuwa kasuwa. Baba ya yi tuƙin da bai taɓa yi wa mai naƙuda ba, har wani mai jaki ya wuce mu ya waiwayo. A bakin kasuwa wani raƙumi ya zuro kai cikin adaidaitar zai yi kalaci da majinyatanmu, Goggo ta kwaɗa masa takalmi a hanci.

Nata waken gwanin sha'awa, kore shar, ya fi namu tsawo. Ta buɗe rami a tsakankaninsu ta dasa namu, ta ce su ji ɗumin 'yan uwa.

Ba a daɗe ba ta bugo waya. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Namu sun mutu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma nata ma sun fara kwanciya, daga tsakiya inda aka dasa namu abin yake bazuwa, kuma toka ta ƙi ci.

Nan ne na ɗauki gawa ɗaya a leda na kai wa malaminmu na aikin gona a makaranta. Mutum ne mai sanyin magana, wanda nake zama a bayan aji a darasinsa ina kwaikwayon tafiyarsa. Ya juya karan a hannu, ya nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da suka manne a cikin farin, waɗanda na ɗauka yashi ne.

"Ka ga waɗannan? Su ne irinta. Suna zama a ƙasa shekara da shekaru suna jira. Tana cin gyaɗa, tana cin wake, tana cin tumatir. Da me ka yi taki?"

Na faɗa masa. Ya ce mai yiwuwa a harawar ta zo, ruwan da nake malalawa kuma ya yi mata daɗi. Ya ce wanda ta riga ta kama sai haƙuri, a tuge a ƙone. Kuma kada a sake ɗaukar ko cokali ɗaya na ƙasar nan a kai wani wuri.

"To Malam, me ya sa ta ji tokar Goggo ta ƙi jin tawa?"

"Ban sani ba tukuna. Kawo mini fumfunar kowane gida mu gani."

Na isar da saƙonsa a gida. Umma ta faɗa wa Goggon Maigatari a waya, ina jin amsarta daga inda nake zaune. Ta ce tun kafin a haifi malamin take jinya. Ta ce ƙasar Maigatari ce ta gaji, abin da ya dace shi ne a kwashe sauran a kai Ɗanzomo, tunda can ne ciwon bai da ƙarfi. Baba ya ce bari dai a ɗan duba. A bakin Baba, in yana magana da yayarsa, wannan na nufin to.

Na samo wa Malam abin da ya nema. Ta gidanmu tana ko'ina. Ta Maigatari ta asali na same ta a jikin waɗanda Goggo ta tuge tun farko ta watsar a gindin katanga, tun kafin mu kai namu. Ta Ɗanzomo ɗan Goggo ne ya kawo a takarda, sai da muka yi ta nema kafin mu ga ƙwayar. Malam ya dafa dawa, ya zuba a kwalabe uku da ya tafasa, ya jefa ƙwayar kowane gida a kwalbarta, ya rufe, ya sa a kabad. Ya samo wani faranti mai murfin gilashi, ya sa tamu a gefe ɗaya, ta Maigatari a ɗaya gefen.

Kullum da tara sai na je na leƙa. Yara suka fara cewa na zama ɗan gidan Malam, ni da aka sani da tsallake taga. Tamu ba ta yi wata-wata ba. Kafin sauran su farka ta rufe dawar ruf, ta yi tozo kamar audugar katifa, ta hau jikin kwalbar tana neman murfi, daga baya ta zubo ƙwayoyi ƙanana birjik kamar irin alayyafo. Ta Maigatari ta bazu a hankali, siririya, ta tsaya a rabi, ƙwayoyinta 'yan kaɗan amma manya kamar gero. Ta Ɗanzomo kuwa halin mai gidan ta ɗauko. Ta ɗan leƙo, ta ga babu abin gaggawa, ta koma ta kwanta. A farantin kuma, inda tamu da ta Maigatari suka haɗu, sun ƙi cakuɗuwa. Wani layi ya fito a tsakaninsu kamar an ja da wuƙa.

"Cuta ɗaya ce, sunanta ɗaya," in ji Malam. "Amma ka ga ba halinsu ɗaya ba. Har ba su yarda su 'yan gida ɗaya ba ne. Tokar goggonka wataƙila ta ɗan taimaka, wataƙila kuma tata fumfunar ce dama ba ta da zafi. Taku ce mai cin rai. Ita kuka ɗauka a baho kuka kai mata."

Na koma gida da kwalaben a jakar makaranta don in nuna wa Baba. Na tarar da Umma tana tankaɗe.

"Ina Baba?"

"Ya tafi Maigatari tun hantsi. Goggonka ta matsa, yau za su kai sauran Ɗanzomo."

Na kira wayarsa, a kashe, dama kwana biyu ba mu da wuta. Na kira ta Goggo, tana ta ƙara ba a ɗauka, don a ƙasan jaka take ajiye ta cikin tsumma kamar kuɗin adashi. Kashi biyu sun tafi. Na Ɗanzomo kaɗai ya rage a duniya, kuma ga mutuwa can a baho an lulluɓe ta da zani za a kai masa.

Abu ɗaya ya taimake ni: daga Maigatari ba a zuwa Ɗanzomo sai an ratso ta Gumel. Na ari keken maƙwabcinmu ba tare da ya san ya ba ni aro ba, na taka har bakin gari, na tsaya a tsakiyar titi. Duk adaidaitar da ta ɓullo sai na ɗaga mata hannu biyu. Na sha zagi ran nan wanda zai ishe ni har in yi jika. Wani direba ya tambaye ni ko gidanmu ba manya. Rana ta dake ni, kwalaben suna ƙara a bayana, ina ta tunanin ko sun riga sun wuce.

Can sai ga su, a hankali kamar masu rakiyar amarya. Goggo a baya ta rungume baho. Na jefar da keken na kwanta a gaban tayar.

"Kai! Lafiyarka ƙalau?" Baba ya fito a fusace. "Iya ce? Wani abu ya sami Iya?"

"Kaka na nan. Baba, don Allah kada ku kai."

"Tashi daga nan, ɗan nema," in ji Goggo. "Malamin naka ne ya aiko ka? Ni za a koya wa jinya? Uban naka ma da ƙyanda ta kama shi wa ya goya shi?"

"Ke ce, Goggo. Ni ma ke kika yaye ni. Ki duba wannan kawai, in kin gama ki sa Baba ya bi ta kaina."

Na tashi na jera kwalaben a kan kujerar adaidaita. Mutane sun fara taruwa, wani mai rake yana tambaya ko maganin basir nake sayarwa. Na nuna mata ta Ɗanzomo, dawar tana nan kusan yadda aka zuba ta. Na nuna mata tata. Sannan na miƙa mata tamu, wadda ko ƙwayar dawa ɗaya ba a gani a ciki.

"Rana ɗaya aka zuba su," na ce. "Wannan ce taki, wadda kika sa wa toka. Wannan ce tamu."

Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta saitin rana. Ta juya ta. Ta ɗaga zanin da ke kan bahon ta leƙa gindin waken, inda farin ya riga ya fara naɗe su, ta sake duban kwalbar.

"Wannan ce muka dasa a tsakiyar nawa?"

Na gyaɗa mata kai.

"Da hannuna na buɗe mata rami," ta ce a hankali. Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ban taɓa ganin Goggo tana kuka ba sai a gidan mutuwa. Baba ya kau da kai yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

A nan gefen titi muka tara kara muka juye bahon a kai muka cinna wuta. Goggo ta ce a haɗa da zanin.

Daga ranar Goggon Ɗanzomo ta kafa doka, ita da ba ta taɓa kafa wa ko kaza doka ba. Ta kewaye wakenta da ƙaya, ta ce duk wanda ya fito daga gidanmu ko Maigatari kada ya matso, ko fartanyarmu ba ta so ta gani. Na je sau ɗaya. Sai da na cire takalmi a ƙofar gida, na wanke ƙafa har gwiwa, sannan aka bar ni na hau turmi na leƙa ta saman katanga. Ba su da yawa, tabarma ɗaya za ta rufe su. Ƙasar a bushe, don sai ta tuna take ba su ruwa. Biyu sun ɗan yi rawaya. Sauran sun yi fure, ƙanana farare. Na tsaya a kan turmin nan ina yi musu magana har ɗan Goggo ya ce in sauko za a yi daka.

Da na dawo na shiga wurin Kaka na fara shirya mata labarin yadda waken bayan gida ya kusa tsallake danga.

"Ango," ta katse ni. Muryarta sai ka matso kake ji. "Ka huta. Da can in ka shigo hannunka warin ganyen yake yi. Yanzu warin toka kake."

Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, har da raƙumin. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Saura na wajen 'yar autar mata ke nan," ta ce. "To. Allah ya sa ta manta da shi, in ta tuna kashe shi za ta yi."

Aka ga wata waken bai bushe ba. Likita ya hana Kaka azumi, amma duk magariba sai an jingina ta da filo an ajiye mata ƙwarya a gaba kamar kowa. Takan dubi ƙosai da kunun tsamiya ta kau da kai. Goman farko ta wuce. Kullum sai na kira Ɗanzomo, har Goggo ta ce in na sake kira za ta ba akuya wayar. Wata safiya Umma ta fito daga ɗakin Kaka ta ja Baba gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, Baba bai fita aiki ba ranar. Na zagaya bayan gida na tuge dangar nan gaba ɗaya, ban san dalili ba.

Ana cikin goma ta tsakiya Goggon Ɗanzomo ta iso a bayan babur, da azahar, ba ta ko yi waya ba. Ta zauna ta gaisa da kowa, ta tambayi awaki, ta ba da labarin wata maƙwabciyarta da ta haihu, ni kuwa ina ta leƙen hannunta. Sai da ta gama sannan ta kwance bakin mayafinta ta juye a kofin shayi. Bai cika kofin ba. Wasu ƙwayoyin ma da sauran kore a jikinsu.

Umma ta jiƙa shi a ruwan zafi don babu lokacin jira, ta ɗora a ƙaramar tukunya. Ni na zauna gadin wutar, ina ƙirga tafasa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da aka kira salla aka kai wa Kaka a ɗan kwano. Duk gidan muka taru a ɗakin, ba wanda ya taɓa nasa abincin, dabino kawai muka sa a baki.

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya da yatsu ta sa a baki. Ba ta da haƙori ko ɗaya, da dasashi take murzawa. Ta daɗe tana murzawa, idonta a rufe.

"Bai dahu ba," ta ce.

Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon ta mayar wuta. Kaka ta riƙe shi gam, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Wa ya ce ki taɓa? Ina lemun tsami? Wane irin gida ne wannan, a kawo wa mutum kabkabe ba lemun tsami?"

Babu ko ɗaya a gidan. Na fita a guje ba takalmi. Maƙwabta na farko ba su da shi, na biyu sun matse nasu a kunu, mai kayan miya ya rufe ya tafi masallaci. Sai a gida na ƙarshen layi wata tsohuwa ta ba ni rabi, wanda aka riga aka ɗan matsa. Na dawo ina haki, na faɗa ɗakin na miƙa mata.

Kwanon ba komai a ciki. Ta shanye har ruwan.

"Ka cika nawa, ango," ta ce. "Matsa mini a kunun can, miƙo shi nan."